Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gina Tashar Kashe Gobara a Karkara

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma idan wuta ta tashi a wani ƙauyen Doguwa ko Tudun Wada a tsakiyar hunturu, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso daga birni, rumbuna da dangar kara sun riga sun zama toka. Saboda haka ake buƙatar ƙananan tashoshi a karkara. Matsalar ita ce kuɗin da ake warewa ba su da yawa, kuma galibi a jikin gini suke ƙarewa.

Za ka ga an tayar da katanga mai tsawo, an shimfiɗa tayil a ofishin shugaba, amma babu ko ɗigon ruwa a harabar. A ganina wannan shi ne kuskure mafi muni, domin motar da ke ɗaukar lita 5,000 tana iya ƙarar da ruwanta cikin 'yan mintoci, sannan ta koma neman inda za ta sake cikawa alhali wuta tana ci. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, a gina babban tankin ajiya a ƙasa, a sayi injin ban ruwa wanda zai iya zuƙo ruwa daga kududdufi ko madatsar ruwa irin ta Tiga ko Bagauda ga garuruwan da ke kusa da su. Bayan haka, rumfar da za ta kare mota daga rana da ɗaki guda na masu gadin dare sun wadatar.

Wajen sayen mota ma ana yin kuskure. Ana sha'awar katuwar mota ta gwanjo daga Turai, wadda ba ta iya shiga lungu ko bin hanyar yashi, kuma ranar da ta lalace makaniken garin ba shi da kayan gyaranta. Ƙaramar mota mai ƙwari da aka ɗora wa tanki da famfo da mesa ta fi amfani a ƙauye, matuƙar an ware kuɗin mai da batir na kowane wata tun a cikin kasafin farko.

Filin da aka samu kyauta a bayan gari, wanda damina ke yanke hanyarsa, bai dace da tasha ba. Gara ƙaramin fili a bakin kwalta kusa da kasuwa.

Sannan a daina ɗauka cewa gobara kaɗai ce aikin. Ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano suna yawan ciro mutane daga rijiya da kududdufi, don haka igiya da tsani da fitila wajibi ne. A tanadi kumfar kashe gobara da yashi, domin ruwa yana ƙara yaɗa wutar fetur ne, kuma 'yan bumburutu suna ajiye shi a gidaje. Inda albashin ma'aikata ba zai isa ba, hakimi da dagatai su zaɓo matasa 'yan sa-kai, hukumar ta horar da su, a kuma raba lambar wayar tashar a masallatai da kasuwanni.