Yadda Ɗalibai Za Su Shirya Bidiyon Waƙa, Su Kuma Amfana da Ra'ayin Masu Kallo

Bidiyon waƙa na minti uku ƙaramin aiki ne a ido, amma duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana ƙoƙarin daidaita motsin bakin mawaƙi da muryarsa ya san cewa mintuna ukun nan kan cinye makonni. Idan matsakaicin tsawon kowane hoto, wato guntun bidiyon da ake gani kafin a yanka zuwa wani, daƙiƙa 3 ne, ana buƙatar hotuna kusan 60 kafin waƙar ta ƙare, kuma kowane ɗaya sai an yi tunaninsa, an ɗauke shi, an kuma zaɓo shi daga cikin 'yan'uwansa. Ɗalibai kan yi kukan ƙarancin kayan aiki, alhali abin da ya fi ɓata musu bidiyo shi ne ɓoye aikin da suke yi har sai an kammala, sannan su nuna wa jama'a a lokacin da babu sauran abin da za a iya sauyawa. Gyaran da ake yi a kan takarda da alƙalami kaɗai ake yin sa, wanda ake yi bayan ɗauka kuwa sai an sake tara mutane da kaya, shi ya sa ya kamata ku nemi ra'ayi tun aikin yana ɗanye, ku sake nema a tsakiya, sannan ku nema kafin ku rufe.

Ku fara da waƙar, kuma ku fara da izini. Tun shekarar 2007 YouTube ke amfani da tsarin Content ID wanda ke gane waƙoƙin da ke da masu su, kuma yana iya toshe bidiyonku ko ya mayar da kuɗin tallarsa ga mai waƙar. Mafi sauƙi shi ne ku nemi mawaƙin da bai yi fice ba tukuna, ko wani ɗalibi mai waƙarsa, ku karɓi amincewarsa a rubuce. Da zarar waƙa ta samu, ku saurare ta har sai kowa a cikinku ya haddace, ku rubuta baitocinta, a gefen kowane layi kuma ku sa daƙiƙar da ya fara. Ku nuna inda amshi ke shigowa, da inda kiɗa ke lafawa, da inda yake sake tashi. Ku ƙirga saurin bugun kiɗan a minti ɗaya, domin zai yi muku amfani a gaba: waƙar da ke da bugu 100 a minti, tsakanin bugu da bugu kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa ne, wato firam 15 ke nan idan kuna aiki da firam 25 a daƙiƙa (firam shi ne kowane ɗaya daga cikin tsayayyun hotunan da ke bin juna da sauri su ba da motsi a bidiyo).

Bayan haka sai ku zauna a kan tunanin bidiyon. Ko dai a nuna mawaƙi yana rera waƙarsa daga farko har ƙarshe, ko a ba da gajeren labari, ko kuma a gauraya biyun, kuma a ganina gaurayawar ce ta fi dacewa da masu koyo, saboda duk inda labari ya yi giɓi, hoton mawaƙi zai cike shi. Ku guji fassara kowane layi da hoto, ta yadda in an ambaci hawaye sai a nuna hawaye, in an ambaci hanya sai a nuna hanya, domin mai kallo ya riga ya ji da kunnensa, idonsa kuma ƙari yake nema. Ku taƙaita tunanin a jimla biyu. Misali, wata ɗaliba tana yawo cikin makaranta da wasiƙar da ta kasa miƙa wa ƙawarta da za ta bar makarantar, a duk lokacin amshi kuma sai a koma ga mawaƙi shi kaɗai a aji babu kowa. Tunanin da ya ƙi shiga jimla biyu zai yi wuyar shiga minti uku.

A nan ne neman ra'ayi na farko ya zo. Ku samu mutum biyar ko shida irin waɗanda kuke so su kalli bidiyon, ku kunna musu waƙar, ku karanta musu jimlolin nan biyu, sannan ku roƙi kowa ya maimaita labarin da bakinsa. Idan uku daga cikinsu suka ba da wani labari daban, to tunanin bai fito ba tukuna, kuma kyamara ba za ta fito da shi ba.

Daga nan sai zanen hotuna. Ba a buƙatar gwanin zane, ƙananan akwatuna da mutanen kara-kara sun isa, muddin an nuna ko hoton kusa ne ko na nesa, da inda kyamara za ta tsaya, da layin waƙar da hoton zai hau. Akwai wata dabara da nake ganin ɗalibai na raina ta alhali tana ceton kwanaki: ku ɗauki hoton kowane zane da waya, ku jera su a manhajar tace bidiyo a kan waƙar, kowane da tsawon da kuka ƙiyasta masa. Cikin sa'a biyu za ku ga bidiyonku yana tafiya tun ba a ɗauki komai ba, kuma nan take za ku gane cewa baiti na biyu ba shi da isassun hotuna, ko kuwa labarin ya ƙare alhali saura daƙiƙa 40 a waƙar. Ku nuna wa malaminku wannan, domin shi ne lokacin da shawararsa za ta fi yin tasiri. Sauran shirin sananne ne: a raba aiki tsakanin mai ba da umarni da mai ɗaukar hoto da mai tacewa da mai kula da jadawali, a ziyarci wurin ɗauka a daidai lokacin da za a yi aikin don a ga yadda rana ke faɗawa, a nemi izinin wurin, a kuma karɓi amincewar duk wanda fuskarsa za ta fito.

Kafin ranar ɗauka ku yi gwaji na sa'a ɗaya da kayan da za ku yi amfani da su. Ku tsayar da saurin firam guda ɗaya ga dukkan kyamarori da wayoyi, domin gauraya 25 da 30 kan sa motsi ya riƙa tsalle a wajen tacewa. A ƙasashen da wutar lantarki ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa (50Hz), firam 25 tare da saurin rufewar kyamara na 1/50, wato tsawon lokacin da kowane firam ke karɓar haske, shi ke hana fitilu ƙyaftawa a hoto, a inda take kan 60 kuwa, kamar Amurka, firam 30 da 1/60 ake bi. Ku kuma yanke shawara tun yanzu ko bidiyon a kwance zai kasance, wato 16:9 mai girman 1920 da 1080, ko kuwa a tsaye, wato 9:16 irin na TikTok, saboda mayar da ɗaya zuwa ɗaya daga baya kan yanke kawunan mutane. Masu ɗauka da waya su kulle haske da saitin ido a kan fuskar mawaƙi, in ba haka ba wayar za ta riƙa sauya su da kanta a tsakiyar baiti.

A ranar ɗauka, babban abin kula shi ne bin waƙa da baki. Ku zo da lasifika mai ƙarfi, ku kunna ainihin fayil ɗin da za a yi tacewa da shi, kuma ku saka ƙara huɗu a farkonsa domin mawaƙi ya san lokacin shiga, mai tacewa kuma ya sami alamar daidaitawa. Mawaƙi ya rera da murya a fili, domin wanda ke motsa leɓe kawai, wuyansa da ƙirjinsa ba sa motsi, kuma mai kallo yana ganewa ko da bai iya faɗin abin da ya gani ba. Ku ɗauki waƙar gaba ɗaya ba tsayawa aƙalla sau uku, ɗaya daga nesa, ɗaya daga ƙugu zuwa sama, ɗaya a kan fuska, kafin ku shiga ƙananan hotunan labari. Idan kuna son motsi ya tafi a hankali amma baki ya ci gaba da dacewa da waƙa, ku ninka saurin waƙar sau biyu, ku ɗauka a firam 50, sannan ku mayar da hoton firam 25 a wajen tacewa, sai dai mawaƙi na buƙatar atisaye sosai kafin ya iya bin wannan sauri. Idan mutum biyu suna fuskantar juna, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ya haɗa su, domin tsallaka shi kan sa su bayyana kamar suna kallon ɓangare ɗaya maimakon kallon juna. Kafin kowa ya tafi, ku zauna ku duba abin da aka ɗauka tare da mawaƙin, kuma a daren nan ku kwafe komai a wuri biyu daban-daban.

Wajen tacewa, manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta mai ƙarfi, manhajar CapCut kuma tana aiki har a waya. Ku fara ɗora waƙar ku kulle ta, ku sa alama a kan bugun kiɗan, sannan ku jera cikakkun hotunan mawaƙi ɗaya a saman ɗaya, kowane an daidaita shi da ƙarar farko. Hotunan labari daga baya suke hawa. Yanka a kan bugu yana da daɗi, amma yanka a kan kowane bugu yana gajiyar da ido, don haka ku bar baiti ya numfasa da dogayen hotuna, amshi kuma ya zo da gajeru. Ku jinkirta gyaran launi da kowace irin ƙawa har sai tsarin ya zauna.

Tacewar farko ita ce za ku kai gaban masu kallo, kuma yadda kuka yi tambaya shi zai nuna irin amsar da za ku samu. Wanda aka tambaya ko bidiyo ya yi kyau zai ce ya yi kyau, musamman idan abokinku ne kuma yana ganin gajiya a fuskarku. Saboda haka ku haɗa da waɗanda ba su san komai game da aikin ba, kada ku yi musu bayani kafin a kunna, kada kuma ku ba da uzuri. Mutum ɗaya daga cikinku ya zauna a gefe yana kallon fuskokinsu, yana rubuta daƙiƙar da wani ya duba wayarsa ko ya gyara zama, domin wannan shaida ta fi abin da za su faɗa da baki. Bayan an gama, kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai kafin a buɗe tattaunawa, saboda da zarar mai ƙarfin murya ya yi magana, sauran kan bi bayansa. Ku tambaye su abin da ya faru a labarin, da hoton da ya tsaya musu a rai, da wurin da hankalinsu ya tafi, da inda suka ga baki ya saɓa da murya.

Tambayar labarin ta fi sauran muhimmanci, kuma akwai dalili. A farkon ƙarni na 20, wani mai shirya fim na Tarayyar Sobiyat, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya tak tana ɗaukar ma'ana daban-daban gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita. Ku da kuka rubuta labarin kun san abin da ke zuciyar ɗalibar nan mai wasiƙa, mai kallo kuwa jerin hotuna kawai yake da shi. Yana iya ɗauka fushi take yi alhali ku kewa kuke nufi, kuma sau da yawa maganin bai wuce a musanya wurin hotuna biyu ba.

Sai ku zauna ku tace ra'ayoyin su ma. Abin da ya shafi kuskuren aiki, kamar baki da ya riga murya ko hoton da ya yi duhu, a gyara shi ba gardama, kuma matsar da hoto da firam 2 ko 3 kan wadatar. Abin da mutum uku ko fiye suka ambata ba tare da sun haɗa baki ba, a ɗauke shi da gaske ko da ya taɓa hoton da kuka fi wahala a kansa. Abin da mutum ɗaya ya faɗa bisa son ransa, kamar launin da ya fi so, a rubuta shi a ajiye. Ku kuma rarrabe tsakanin ciwon da mai kallo ya nuna da maganin da ya kawo. Idan ya ce tsakiyar bidiyon ta yi sanyi, a ƙara ƙyalƙyali, to ku yarda cewa ta yi sanyi, amma ku binciki dalili da kanku, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Wataƙila an maimaita hoton mawaƙi daga kusurwa ɗaya sau huɗu a jere, ko kuma labarin ya tsaya cak na rabin minti. Na taɓa ganin wasu ɗalibai sun cire daƙiƙa 12 na wani kyakkyawan hoton faɗuwar rana da suka sha wahalar jira, ransu bai so ba, amma da aka sake nunawa babu wanda ya ƙara ambaton sanyin.

A lokacin tattaunawa ku riƙe bakinku daga kare kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wanda aka katse shi da bayani sau ɗaya ba zai sake faɗa muku gaskiya ba. Ku buɗe takarda mai ɗauke da abin da aka ce, da shawarar da kuka yanke, da dalilinta, har da ra'ayoyin da kuka ƙi bi, domin idan aikin na jarrabawa ne, wannan takarda ce za ta nuna wa malami yadda tunaninku ya tafi. Kowace tacewa ku adana ta da lambarta, kada sabuwa ta hau kan tsohuwa, saboda wani lokaci gyara kan ɓata, sai an koma baya.

Tacewa ta biyu a nuna ta ga sababbin idanu, domin waɗanda suka ga ta farko sun riga sun san labarin, ba za su iya gaya muku ko yanzu ya fito ba. Idan aka buƙaci sake ɗauka, a taƙaita shi ga hotunan da suka zama dole, da sutura iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya na yini. Bayan nan ne za ku daidaita launi yadda hotunan ranaku daban-daban za su yi kama da juna, ku sa sunan waƙa da na mawaƙi da na waɗanda suka yi aiki. Ku fitar da bidiyon a tsarin fayil na MP4 da tsarin matse bidiyo na H.264, a kan saurin firam ɗin da kuka yi ɗauka da shi, sannan ku kalle shi daga farko har ƙarshe a waya da kuma babban allo, da lasifika da kuma abin sawa a kunne, kafin ku miƙa wa malami ko ku ɗora a intanet.