Yadda ake gane jan mazarin rafi mai ruwan goro a gindin fiffike

Jajayen mazari suna da yawa a gefen Gulbin Rima da fadamun Sakkwato, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Wanda muke nema a nan shi ne wanda masana ke kira Trithemis kirbyi, sunan da aka ba shi a 1891. Tsawonsa kamar santimita 3 da rabi ne, kuma shi mai son ruwa ne da ke gudu a kan duwatsu.

Ka fita da hantsi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar, ranar da babu hazo. Bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito fili. Nemi dutse ko daɓen siminti a bakin ruwa, irin na magudanun noman rani da ke ƙasan madatsar Goronyo. Namijin a kan dutse mai zafi yake zama, ba kasafai yake hawa kara ba. In ya tashi kada ka bi shi, zai dawo inda ya bari. Matso a hankali, kada inuwarka ta faɗa masa.

Fara da zamansa. Yakan sauke fikafikansa ƙasa ya tura su gaba, in rana ta take kuma ya ɗaga bayansa sama ya nuna ta, don ya rage zafi.

Sai fiffike, kuma a nan ne ya kamata ka daɗe. Duk fikafikan huɗu, na gaba da na baya, suna da babban tabo ruwan goro daga gindi, wanda ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na fiffiken. Jijiyoyin ja ne. Ɗan ɗigon da ke dab da ƙarshen fiffike gajere ne, mai duhu. Jikin ja ne wur mai sirkin ruwan lemo.

Wasu irin mazari uku masu kama da shi ne ke ruɗar mutane. Crocothemis erythraea cikinsa, wato dogon sashen nan na baya mai kama da wutsiya, faffaɗa ne kamar an danne shi, tabonsa ƙarami ne a fiffiken baya, ɗigonsa dogo ne mai haske, kuma ya fi son tafki da kududdufi. Trithemis arteriosa siriri ne, da baƙi a gefen cikinsa wajen ƙarshe. Trithemis annulata kuwa jansa ya karkata zuwa shunayya. A wanda muke nema, tamata da namijin da bai nuna ba launinsu rawaya ne mai duhu, saboda haka mai koyo ya fara da balagaggen namiji.

Ɗauki hoto biyu da waya, ɗaya daga sama don fiffike, ɗaya daga gefe don ciki. Hoto ya fi gawa amfani, domin jan yana dushewa bayan mutuwa. In dole sai ka kama, sa raga mai laushi, haɗe fikafikan ta baya tsakanin yatsu biyu, ka duba ka sake shi. Ba ya harbi, kuma sauro da ƙananan ƙwari yake ci, abin tausayi ne yadda yara ke ɗaure shi da zare. Wanda fiffikensa ke sheƙi da laushi yanzu ya fito daga ruwa, taɓa shi yana nakasa shi. Kai ma ka sa takalmin roba mai tsawo kafin ka shiga ruwan fadama, saboda tsargiya.