Yadda Ake Haɗa Gahawa A Gida Ba Ta Yi Ɗacin Maɗaci Ba

Lokacin kullen korona na watan Afrilun 2020, da teburan masu shayi suka ɗauke a Kano, mutane da yawa sun koma haɗa gahawa da kansu. Na ɗanɗana ta maƙwabta kusan biyar, duk ciwonsu ɗaya: ƙauri da ɗaci. Ni ma haka na fara.

Ka nemi ɗanyun 'ya'ya, kada ka sayi gari. In ka samu nau'in gahawar da ake kira arabika, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba ko ta Habasha, ita ce zaɓina. Ɗaya nau'in, robusta, ta fi arha, amma ɗacinta ya fi, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kai kusan ninki biyu.

Suya ce inda kowa ke faɗuwa. Ɗora kasko mai kauri a garwashin da ya gama ci, ba wuta mai harshe ba. Zuba cikin tafin hannu biyu kawai, yadda 'ya'yan ba za su hau kan juna ba, ka yi ta juyawa da cokalin katako. Kada ka ɗaga hannu ko waya ce ta yi ƙara. Ranar farko na tsaya amsa sallama, kafin in dawo gefe ɗaya ya zama gawayi, ɗayan ko ja bai yi ba. Za su tashi daga kore su yi ɗorawa, sannan su ɗauki launin dabino. Wajen minti 10 za ka ji suna fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Daga nan ka ƙara minti ɗaya ko biyu ka sauke. In ka jira sai sun yi baƙi suna ƙyallin mai, ka makara. Juye a faifai nan take, ka bakace ɓawon, domin in suka zauna a kasko zafinsa zai ci gaba da cin su. A tsakar gida ake wannan aiki, hayaƙin ba na ɗaki ba ne.

Bar su su kwana. Ka daka iya na shan ranar, kuma don Allah ban da turmin yaji da daddawa. Ƙaramin turmi na daban bai kai kuɗin asarar da za ka yi ba. Dakan ya tsaya kamar tsaki.

Ruwa ya tafasa da ɗan dakakken citta da kanumfari biyu, sai ka sauke ya huce na rabin minti. Zuba babban cokali biyu na garin da ka daka ga kofi ɗaya. Kada a mayar wuta, gahawa ba ganyen shayi ba ce. Rufe, minti 4, tace.

Sukari kaɗan, ko dabino a gefe. Bayan la'asar ni ba na sha, sai in ina da aikin dare.