Yadda ake ajiye kifin Binuwai a akwatin gilashi

'Yan uwa na Garwa da Lagdo, kun yawaita tambaya, to ga shi.

1. Wanke akwatin da ruwa zalla, ban da sabulu.
2. Shimfiɗa wankakken yashin kogi.
3. Zuba ruwan famfo, ya kwana biyu, kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa ruwan famfo) ya fita.
4. Kunna na'urar da ke hura iska cikin ruwan.
5. Zaɓo ƙananan kurungu wajen masunta. Giwan ruwa kam a bar wa kogi, yakan wuce kilo 100.

Hattara: kada ka haɗa tarwada da ƙananan kifaye, dare ɗaya za ta lamushe su.

6. Ɗora ledar kifin kan ruwan minti 20 kafin ka sake su.
7. Rage kwatan ruwan kowane mako, ka ƙara sabo.
8. Kifin da ya kamu da ciwo, ware shi, kada ka mayar kogi.