Ku ɗauki hoton mita kafin ku tayar da mota

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Duk wanda ake biyansa da lissafin kilomita, ya saurare ni.

Kwanaki na ɗauko albasa daga Aliero zuwa Legas. Bayan na wuce Yauri aka ce min hanyar gaba ba lafiya, dole na yi zagaye. Da na dawo, mai mota ya buɗe Google Maps a wayarsa ya ce abin da ya nuna shi zai biya. Wayar gajeriyar hanya take aunawa, ba ta san zagayen da na yi ba, balle dizal ɗin da na ƙona. Ba ni da shaida, haka na haƙura, kuma wallahi ya yi min ciwo.

Yanzu kafin in bar wurin lodi ina ɗaukar hoton mitar kilomita, in tura masa ta WhatsApp, haka ma in na sauke kaya. Idan zan canza hanya, sai na tura masa saƙon murya ya amsa tukuna, don kiran waya ba ya barin shaida. In mitarka ta mutu, malam, gyara ta kafin lodi na gaba.