Yadda ake zaga Titin Mu'izz a Alƙahira ba tare da kasuwa ta cinye maka yini ba

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Alƙahira, ko jinya ta kawo su, ko karatu, ko sarin kaya, sukan ware yamma guda don ganin tsohon gari. Sai su ce wa mai tasi ya kai su Husaini. Ya sauke su gaban masallacin bayan la'asar, su faɗa kasuwar Khanul Khalili, mai turare ya ja, mai jallabiya ya ja, a sha shayi, a yi ciniki. Kafin su ɓullo Titin Mu'izz an kira magariba, hannu cike da ledoji, ƙafa ta gaji, ƙofofin gine-ginen duk an garƙame. Su tsaya jikin bango su ɗauki hoto, su koma masauki suna cewa sun ga Mu'izz. Na sha raka baƙi titin nan, kuma kusan duk wanda ya taɓa zuwa shi kaɗai labarinsa ke nan. Abin kallon yana cikin gine-ginen, su kuwa wajen ƙarfe 5 na yamma ake rufe su, a watan azumi ma tun kafin nan. A kan wannan na gina duk shirin da zan ba ka.

Da farko, ta arewa za ka shiga. Titin bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, daga Babul Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu, Khanul Khalili kuma yana gefensa wajen tsakiya. Ka ce wa direba Babul Futuh, kuma ka tsaya a kan haka, domin wasu za su ce maka ai Husaini ya fi kusa. In jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau, layi na 3 ne, ka sauka a tashar Babus Sha'ariyya ka ƙarasa da ƙafa. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ruwansa da cunkoson motoci. Lokacin sanyi, ka shirya azahar ta same ka a bakin ƙofar. In bazara ce ta kai ka, musamman Yuli da Agusta, ka fito tun ƙarfe 9 na safe. Juma'a ba ranar zuwa ba ce ga baƙo, don jama'ar gari ma ranar suke fitowa da iyalansu. Ka sa takalmin da za ka iya cirewa a tsaye, saboda za ka cire shi ka mai da ba adadi. Ka zo da hannu wofi, in ban da robar ruwa.

Kada ka wuce ƙofar da sauri. Waziri Badarul Jamali ne ya gina ta a 1087, da dutse, hasumiyoyinta biyu masu zagaye. Garin kansa kwamanda Jauhar ya kafa shi a 969 domin halifan Faɗimiyyawa Mu'izzu li Dinillahi, wanda titin ke ɗauke da sunansa. Kana shiga, masallacin Hakim yana hagunka. An fara shi a 990 aka gama a 1013, 'yan Bohra na Indiya kuma suka gyara shi wajen 1980, shi ya sa za ka ga farin marmara yana ƙyalli kamar jiya aka shimfiɗa. Nan nake son baƙo ya yi azahar ɗinsa. Tsakar gidan tana da faɗi da iska, ga wurin alwala, kuma ba za ka ƙara samun sarari irin wannan ba sai ka fita daga titin. Minti 30 ya isa. Ka tashi.

Daga nan titi ya tsuke. Tun 2008 aka hana motoci bin wannan ɓangare da rana, amma babura da masu tura kaya ba su daina kutsowa ba, don haka in da yara ka riƙe hannunsu. Shagunan tukwanen shisha da kayan tagulla za su fara kiranka. Ka amsa sallama, ka ce shukran, ka ci gaba da tafiya. Wanda ya tsaya ya ɗaga kaya ɗaya ya tambayi kuɗinsa, ya ba da minti 20 ke nan daga lokacin da ba shi da shi.

A dama za ka ga masallacin Sulaiman Aga Silahdar na 1839, da siririyar hasumiyarsa mai tsini irin ta Turkawa. Unguwar Khurunfish tana nan kusa, inda aka daɗe ana ɗinka rigar Ka'aba ana aika ta Makka, har zuwa farkon shekarun 1960. Gaba kaɗan, a hagu, akwai lungun Darbul Asfar, cikinsa Gidan Suhaimi yake, wanda aka fara ginawa a 1648 aka faɗaɗa a 1796. Tikitinsa daban ne. In kana da mata a tafiyar, ku shiga, don a nan ake ganin yadda masu hali suke zama: tagogin katako masu ƙananan huji da mace za ta ga tsakar gida ba a gan ta ba, ɗakin bazara da ɗakin sanyi, lambu a tsakiya. In kuwa ƙarfe 2 ta riga ta gota, ka bar shi sai wani zuwan. Masallacin Aƙmar na 1125 shi ma yana hagu, ƙarami ne, sai an sauka 'yan matakala ake shiga don ƙasar titin ta tashi ta bar shi a ƙasa. Ka lura da dabarar maginansa: fuskar ginin ta bi layin titi, cikinsa kuma ya karkata ya fuskanci alƙibla, kaurin bango ya shanye bambancin.

Akwai wani gini da masu zuwa daga arewa suke wucewa ba su sani ba, saboda ta bayansa ake ɓullowa. Inda ka ga hanya biyu sun haɗe, ka yi taku kaɗan ka waiwaya. Sabilin Abdurrahman Katkhuda ke nan na 1744. A da, a ƙasa ake raba wa masu wucewa ruwan sha kyauta ta tagogin ƙarfe, a sama kuma makarantar allo ce ta yara.

Yanzu ka iso inda aka zo dominsa. Ana kiran wurin Bainal Ƙasraini saboda fadojin Faɗimiyyawa biyu da suka taɓa fuskantar juna a nan, yau kuwa gine-ginen sarakunan Mamluk uku ne jere a hannun dama, bango manne da bango: na Barƙuƙ, na Nasiru Muhammad, na Ƙalawun. Nan ne baƙi suke ruɗewa. Daga waje kamar gini guda ne mai tsawo, ƙofofin kuma ba sa jan ido kamar hasumiyoyin, sai mutum ya yi ta kallon sama yana tafiya har ya wuce duka ukun. Wasu kuma su leƙa na farko, su ga tsakar gida, su ɗauka sauran ma haka suke.

Ga yadda za ka yi. Ka wuce Barƙuƙ da Nasiru tukuna, ka nemi wurin sayar da tikiti kusa da Ƙalawun. Tikiti guda ne yake shigar da kai gine-gine da dama na wannan yanki, har da tsohon gidan wanka na Inal da fadar Bashtak, don haka ka adana shi, kowace ƙofa za a duba. Farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, ɗalibi mai katin makaranta kuma yana samun ragi mai tsoka, saboda haka 'yan Azhar kada ku bar katinku a ɗaki. Wuraren tarihi da yawa a Masar sun koma karɓar kuɗi ta katin banki kawai. Ka zo da katin da ka tabbatar yana aiki a waje, ko ka zo da wanda yake da shi. Na ga dattijo da kuɗi a aljihu yana tsaye bakin ƙofa, ba hanyar biya, har lokaci ya ƙure.

Sannan ka fara da Ƙalawun, tun da sauran ƙarfi a jikinka da haske a tagogi. Sarkin nan bawa ne aka sayo shi dinari 1,000, har ake masa laƙabi da Alfi, ya taka har gadon sarauta. Tsakanin 1284 da 1285 ya gina makaranta da asibiti da makwancinsa a wuri guda. Masu tarihi sun ce ya taɓa kwanciya ciwo aka yi masa magani a asibitin Nuruddini na Dimashƙa, ya yi alkawarin in Allah Ya ba shi mulki zai gina irinsa. Za ka shiga ta wani dogon soro mai duhu da rufi can sama. Makaranta tana hagu, makwancin yana dama, asibitin yana can ƙarshe. Ka shiga dama. In ka tsallaka ƙofar, kada ka ɗaga waya. Ka tsaya cik na ɗan lokaci, domin idon da ya fito daga rana ba ya ganin komai a minti na farko, kuma a wannan mintin ne mutane suke cewa "to, shi ke nan?" su juya. In ido ya washe za ka fara ganin manyan ginshiƙan dutse da suka ɗauki ƙubbar, sai marmara kala-kala da aka yanka ƙanana aka jera a bango, wani wurin da ɓawon kifin lu'ulu'u a ciki, sai rufin katako mai ruwan zinariya, sai gilasan tagogi suna zubo launi. Ka matsa jikin bango ka duba allunan nan masu kama da zanen ɗaki-ɗaki: rubutu ne, sunan Annabi Muhammadu (SAW) aka maimaita da salon Kufi. Ka zagaya shingen katakon da ya kewaye kabarin a hankali har ka kai mihrabi. Musulmi ne ke kwance a nan, shi da ɗansa Nasiru, ka yi musu sallama da addu'a, ka kuma sassauta murya ko da wasu suna hayaniya. A ganina duk wanda bai ba ɗakin nan minti 30 ba ya yi asarar kuɗin tikitinsa. Asibitin kuwa saura kaɗan ya rage daga ainihin gininsa, amma ka leƙa, musamman kai da jinya ta kawo ka garin: a da kyauta ake duba marasa lafiya a nan, mai kuɗi da talaka, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar.

Fitowa, ka koma baya kaɗan zuwa ƙofar Nasiru Muhammad. Farar marmara ce mai baka mai tsini, ba ta yi kama da komai a titin ba, don daga wata coci a Akka aka ciro ta bayan Mamlukawa sun ci garin a 1291. Wannan Nasirun shi ne sarkin Masar lokacin da Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Ciki babu abu mai yawa, hasumiyar ce abin kallo. Barƙuƙ, na 1384 zuwa 1386, ka shiga don ƙofar tagullarsa da shuɗin rufin da ke saman wurin salla. Mai gadi zai iya cewa zai buɗe maka wani ɗaki ko ya hau da kai sama. Ihsani yake nema, ba laifi, amma ka riƙe canjin ƙananan fam a aljihu daban, haka ma na masu ajiye takalma.

Ƙarfe 3 da rabi ta same ka kana tafiya kudu. Za ka ratsa masu zinariya, ga hanyoyin shiga Khanul Khalili a hagu suna kiranka. Ba yanzu ba. Ka sha ruwan rake ko zoɓo ko tsamiya a tsaye, har na goruba suna yi, ka wuce masu kayan yaji, ka tsallaka Titin Azhar ta inda ka ga jama'a suna tsallakawa. Gine-ginen Sarki Guri suna fuskantar juna a bakin wancan ɓangaren, ya gina wa kansa makwanci amma ya mutu a yaƙi da Turkawa a 1516 ba a ga gawarsa ba. Daga nan kasuwar 'yan gari ce, tufafi da barguna, matsi sosai, ka mai da jaka gaba. Ka yi la'asar a masallacin Mu'ayyad, wanda Sarki Mu'ayyad ya gina a gurbin kurkukun da aka taɓa tsare shi, sannan ka yanki tikitin Bab Zuwaila ka hau. Ƙofar ta 1092 ce, a nan aka rataye Tumanbai, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Matakalar hasumiyar ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya tsaya a rufin ƙofar, daga nan ma ana hango Ƙal'a, wato ganuwar Salahuddini da ke kan tudu, da duk titin da ka biyo. In da sauran lokaci, kasuwar masu ɗinkin rumfuna tana tsallaken ƙofar.

Yanzu ka koma Khanul Khalili ka yi cinikinka yadda ka ga dama, shaguna suna kaiwa dare. Tayi kamar na Kantin Kwari ne, kada farashin farko ya firgita ka, in ka juya za a kira ka. Bayan magariba ana kunna fitilu a Bainal Ƙasraini, ka koma ka ɗauki hoton da kake so. Wajen komawa gida kada ka kira mota cikin lungu, ba za ta same ka ba. Ka fito bakin Titin Azhar, in tasi ce ku yi jinga ko ya kunna mita kafin ka zauna.