Darasi na Tara: Yadda Ake Gasa Filafjak, Guzurin Mahaya Keke

A ƙasar Birtaniya, idan gari ya waye ranar Lahadi, ƙungiyoyin mahaya keke sukan fito ayari-ayari su nufi hanyoyin karkara, wasu su yi tafiyar awa uku, wasu ma su zarce haka kafin su juyo gida. Rigar da suke sawa tana da aljihu uku a baya, daidai ƙugu, kuma da wuya a laluba aljihun nan ba a tarar da ayaba ko wani ɗan gasasshen abu mai kusurwa huɗu a naɗe cikin takarda ba. Wannan abu shi ake kira filafjak. Da abubuwa huɗu kawai ake yin sa, wato wani hatsi mai suna ots da bota da jan sukari da wani ruwan sukari mai kauri kamar zuma. Babu fulawa a ciki, babu ƙwai, babu yis, shi ya sa wanda bai taɓa gasa ko da kek ba ma zai iya yin sa ranar farko. A kula, a Amurka sunan nan yana nufin wani abu dabam, wani faffaɗan fanke ne da ake toyawa a kasko. Na Birtaniya muke nufi a wannan darasi.

Dalilin da ya sa mahayi yake ɗaukar guzuri

Jikin mutum yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, wanda likitoci ke kira gilaikojin, kuma da shi ƙafa take aiki idan ana murza feda da ƙarfi. Ajiyar nan ba ta da yawa. Idan mutum yana tafiya da sauri bai ci komai ba, cikin kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu sai ta yi ƙasa, kuma ƙarewarta ba ta sallama. Ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, hannu ya kama rawa, jiri ya taso, mutumin da ɗazu yake gaban ayari ya koma ba ya iya hawa ɗan tudun da yaro zai hau. Masu hawan keke daga Landan zuwa Brighton, tafiyar da ta kai kimanin mil 54, sun san wannan sarai, domin tudun da ya fi kowane wahala a hanyar, wato Ditchling Beacon, yana can kusa da ƙarshe. Wanda ya iso gindinsa da cikin da babu komai, yawanci sauka yake yi ya tura keken da hannu.

Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar cewa mai doguwar tafiya ya riƙa cin giram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a kowace awa. Filafjak ya dace da wannan buƙata saboda ƙarfin da ke cikinsa iri biyu ne. Sukari yana shiga jini da sauri, shi kuwa ots yana narkewa sannu a hankali, ya riƙe ciki. Amma akwai sharaɗin da mai girki ya kamata ya riƙe tun daga farko. Mahayi da hannu ɗaya yake cin abinci, ɗaya hannun yana kan keke, idonsa kuma yana kan hanya. Saboda haka filafjak ɗin da zai marmashe a aljihu, ko wanda ya yi taurin da sai an sa turame an gatsa, bai yi amfani ba komai daɗinsa. Duk abin da za a koya a nan gaba yana komawa ne ga yadda za a samu wanda ya haɗe jikinsa, yana kuma da taushin da za a tauna ana numfashi sama-sama.

Kayan haɗi da awonsu

Ana buƙatar ots giram 250, wanda ya kusan cika kofin awo uku. Ots hatsi ne na ƙasashe masu sanyi da damshi, kuma mutanen Sikotland sun daɗe suna dama kunu da shi don karin kumallo. Wanda ake sayarwa a kanti, irin na Quaker Oats, an riga an turara shi an latse ƙwayarsa ta yi fale-fale. Yana zuwa iri biyu, mai ƙananan fale da mai manya. Mai ƙanana ya fi kama juna, don haka shi ya fi dacewa da aikinmu. Idan mai manyan ne kawai a hannu, a ɗebi rabinsa a ɗan daddaka a turmi, ba har ya zama gari ba, sannan a mayar a gauraya da sauran.

Sai bota giram 125, wato rabin ƙullin nan na giram 250, da jan sukari shi ma giram 125, da gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Farin sukari yana iya maye gurbin ja, sai dai ba zai ba da ƙamshi da laushi iri ɗaya ba.

Na huɗu shi ne ruwan sukarin da muka ambata, babban cokali uku. A Birtaniya wanda aka fi sani shi ne Lyle's Golden Syrup, wanda kamfanin Abram Lyle ya fara zubawa a gwangwani a gabashin Landan tun 1885. Daga wajen tace sukarin rake ake samun sa, kuma shi ne yake aikin danƙo, ya manne ƙwayoyin ots da juna. Inda ba a samun sa, zuma tana yin wannan aiki, cokali uku ita ma. Abin lura kawai shi ne zuma ta fi saurin yin duhu a wuta, don haka sai an ɗan rage zafi an kuma sa ido.

Mutane da yawa suna ƙara busassun 'ya'yan itace ko ƙwayoyi. Yankakken dabino, soyayyar gyaɗa da aka farfasa, riɗi, ko busasshen inabi, kowanne yana shiga. Amma kada duka ƙarin ya wuce giram 100, kimanin cikin tafin hannu biyu, domin duk abin da aka ƙara yana cinye wani kaso na danƙon. A ganina dabino ya fi sauran, saboda shi kansa yana da danƙo, yana taimakawa maimakon ya rage. Idan za a ba wasu, a gaya musu in akwai gyaɗa a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta ko kaɗan. Mai ciwon sukari kuma ya nemi shawarar likita kafin ya mai da wannan abincinsa.

Haɗawa

Da farko a kunna oben a sa shi a digiri 180 na ma'aunin Salsiyas, ko 160 idan mai fanka ne, ya yi zafi kafin a gama haɗi. A samo farantin gashi mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, a shafa masa bota, a shimfiɗa takardar gashi a ciki yadda gefunanta za su ɗan leƙo waje, domin da su za a ɗago abin idan ya huce.

A ɗora tukunya a kan wuta 'yar kaɗan, a zuba bota da sukari da ruwan sukari da gishiri, a riƙa juyawa da muciya har botar ta narke, sukarin ya daina ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. A nan ne kuskuren farko yake faruwa. Kada a bari haɗin ya tafasa. Idan ya tafasa ya ɗau hanyar zama alewa ke nan, kuma bayan gashi zai yi taurin da zai iya ɓare haƙori. Da zarar ya narke ya zama ruwa ɗaya mai sheƙi, a sauke tukunyar, a juye ots da sauran ƙari a ciki, a gauraya sosai har babu ƙwayar da ta rage fara.

Sai a juye a farantin a baza, a zo ga matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato dannawa. A sa bayan cokali ko gindin kofi a danne haɗin da ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, a bi kusurwoyi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, har samansa ya yi sumul kamar daɓe. Wanda ya taɓa ganin yadda ake danne kantun riɗi kafin a yanka ya riga ya san abin da ake nufi. Ranar da na fara gwadawa, bazawa kawai na yi da cokali na tura oben, ina ganin zafi zai haɗa shi da kansa. Da na zo yankawa sai wuƙar ta bi ta cikinsa kamar ta bi ta tsakuwa, ko yanki ɗaya bai fita da siffarsa ba. A kwano muka juye marmashin, muka zuba madara muka sha da cokali. Kaurin da ake so bayan dannawa shi ne kamar kaurin babban yatsa.

Gashi

A sa farantin a tsakiyar oben a bar shi minti 20 zuwa 25. Alamar nuna tana gefe. Idan gefuna sun yi ja-ja, tsakiya kuma tana nan da launin zinariya, to ya yi, ko da an taɓa tsakiyar an ji ta da laushi. Masu koyo sukan ga wannan laushi su ce bai gasu ba, su mayar da shi wuta, alhali kuwa sai yana hucewa ne yake ƙanƙamewa. Mai son mai taushi ya cire a minti 20, kuma wannan ne ya fi dacewa da mahayi. Mai son mai ƙaras-ƙaras don shan shayi a gida yana iya ƙara minti biyar.

Wanda ba shi da oben yana iya bin hanyar da mata suka saba gasa kek da ita. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora ƙananan duwatsu uku a kai don kada farantin ya zauna a kan yashin, a rufe a bar ta ta yi zafi kamar minti 10 a kan garwashi. Sannan a saka farantin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Tunda ba a iya auna zafin tukunya, agogo ba zai wadatar ba. A buɗe bayan minti 20 a duba gefen, kuma idan hanci ya fara jin ƙauri a rage garwashin ƙasa nan take.

Yanka da ajiya

Idan an fito da shi, a bar shi minti 10, sannan a sa wuƙa a tsaga layuka tun yana da ɗumi, layi biyu a tsaye, uku a kwance, abin da zai ba da yanki 12. Kada a yi yunƙurin ciro ko ɗaya a wannan lokaci. A bar shi cikin farantin ya huce gaba ɗaya, awa biyu ko fiye, in da hali ma ya kwana, sannan a kama gefen takardar a ɗago, a bi layukan a rarraba. A mazubi mai murfin da iska ba ta shiga yana kai kwana biyar zuwa mako guda, a firiza kuwa yana yin wata biyu, kuma yankin da aka fito da shi da safe zai saki kafin a kai ga cin sa a hanya.

A naɗe kowane yanki shi kaɗai a takardar gashi, a bar bakin naɗin a sake yadda yatsa ɗaya zai iya buɗe shi. Awon botar da aka bayar a baya na ƙasa mai sanyi ne. Bota tana fara sakin jiki da zarar zafi ya haura digiri 30, ga kuma ɗumin bayan mahayi, saboda haka mai hawa a lokacin bazara ya rage botar zuwa giram 100, ya cike gurbin da dakakken dabino. Rage maiƙon yana da wani amfanin, domin abinci mai maiƙo da yawa yana daɗewa a ciki, yana kuma iya tayar da zuciya idan ana hawan tudu.

Lissafin guzuri

Idan aka tara sitaci da sukarin da ke cikin wannan haɗi, za a samu kimanin giram 320. A raba shi gida 12, kowane yanki zai tashi da giram 26 da 'yan kai. Ke nan yanki ɗaya da ayaba ɗaya sun isa mahayi awa guda. Kada a jira sai yunwa ta kama, domin kafin a ji ta ƙarfin ya riga ya tafi. A fara ci bayan minti 45 da tashi, a riƙa gutsura kaɗan-kaɗan a inda hanya take a miƙe babu cunkoso, ana korawa da ruwa kowane lokaci, saboda ots yana shan ruwa a ciki.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi ya rubuta sunayen kayan haɗin nan da awonsu a littafinsa, sannan ya ninka kowane awo sau biyu kamar zai gasa faranti biyu. Bayan haka ya amsa wannan tambaya a rubuce: mahaya huɗu za su yi tafiyar awa uku, kowannensu zai ci yanki ɗaya a kowace awa, shin faranti ɗaya zai ishe su, kuma idan mutum na biyar ya biyo su, yanki nawa za a ƙara?